Musayar Waƙa: Marainiya, Kishiya da Gizo

Mai Alƙalami:
Sallama gare ku ma'abota hikima,
Yau mu duba ginin tatsuniya.
Tubalinta uku ne in an lura,
Rashi, da gwaji, sai sakayya.
Uwa ta rasu, uba ya yi gum,
Yarinya ta faɗa hannun kishiya.
An aike ta kogi mai nisa,
Gwaggo, me ake nufi da tafiya?

Gwaggon Yara:
Malam, darasin ba a kogin yake ba,
Yana nan tsakiyar hanya.
Tsohuwa ce za ta tare ta,
Ta ce, "Jikata, cuɗa mini baya."
Ta cuɗa ba tsaki, ba ƙyama,
Aka ba ta ƙwai, ta karɓa da godiya.
Inda ta ce "In fasa?" aka amsa, ba ta fasa ƙwan ba,
Sai inda ta ji shiru gaba ɗaya.
Ƙwai ya fashe, ga shanu, ga dawaki,
Ladabi ya haifi dukiya.
To dole 'yar kishiya ta bi sawu,
Tsohuwa ɗaya, gwaji ɗaya.
In ka sauya mata ko da taki guda,
Yaro zai ce sa'a ce, ba tarbiyya.

Ɗalibin Adabi:
Gwaggo, ba mu kaɗai ke da shi ba,
Salon ya zaga duniya.
Propp, masani ɗan Rasha, a 1928,
Ya tsefe ɗari cikin tatsuniya,
Ya fid da matakai 31,
Jerinsu ba ya komawa baya.
Sai dai abin na ci mini rai,
Kullum mugunta sai kishiya?
Uban da ya gani ya kau da kai,
Ba mai yi masa tambaya.

Gwaggon Yara:
Ɗana, ka taɓa inda ke ciwo,
Nan muke shuka ƙiyayya.
A ba uban nasa kason laifi,
A nuna abin da ya ɓata zuciya.

Mai Alƙalami:
Haka Gizo, mai tsamin baki,
Ya kai Kura cikin rijiya.
Wayo ya rinjayi ƙarfi,
Mara ƙarfi ya yi dariya.
In ya ci bulus bai sha kashi ba,
Ka koya wa yaro zamba da tsiya.
Sai Ƙoƙi ta gano shi, asiri ya tonu,
Ya sulale cike da kunya,
Kana a ce ƙurunƙus kan ɓera,
Ba don Gizo ba da na yi ƙarya.