Hunainu ɗan Is'haƙa: ta yaya ya ƙware a tsohon Girkanci?

Ɗalibi daga Bagalam:
Assalamu alaikum. Ina karatun likitanci a nan Maraɗi, kuma a darasin tarihin magani an ambaci Hunainu ɗan Is'haƙa, wanda ya mayar da littattafan Jalinus, shahararren likitan nan Bagirke na zamanin da, zuwa Larabci. Malamaina, ina neman ƙarin haske: ta yaya mutumin Iraƙi ya ƙware a tsohon Girkanci haka, kuma shin aikinsa ya wuce fassara?

Malamin tarihi daga Ɗan Gulbi:
Wa alaikumus salam, ɗana. An haifi Hunainu a garin Hira na ƙasar Iraƙi, cikin gidan Kiristoci Larabawa, ya rasu a shekarar 873 Miladiyya. Ya fara karatun magani a Bagadaza wajen Yuhanna ɗan Masawaihi, kuma marubuta tarihi sun ruwaito cewa malamin ya kore shi saboda yawan tambaya. Daga nan ya ɓace wasu shekaru yana koyon Girkanci, da ya dawo kuwa har malamin nasa ya nemi fassararsa. Daga baya ya zama babban likitan Halifa Mutawakkil.

Malama daga unguwar Zariya:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara basira. Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda yake bin diddigin rubutu. A wata wasiƙa ya lissafa littattafan Jalinus 129, yana faɗin wanda ya fassara kowanne da kuma ingancin aikin. Akwai littafin da ya fassara yana saurayi daga kwafi mai yawan kurakurai, to da ya kai kusan shekara 40 sai ya tara kwafe-kwafe da dama, ya gwama su, ya fitar da matani guda ingantacce, sannan ya gyara fassarar. Duk wanda ya taɓa ganin yadda malaman zaure ke ajiye kwafi biyu na littafin hannu suna bi layi-layi zai gane nauyin wannan aiki. Wani littafin kuma ya neme shi a Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariya, bai samu ba sai kimanin rabinsa a Dimashƙa.

Ma'aikacin jinya daga Sabon Gari:
Ƙanena, aikinsa ya wuce fassara, domin ya rubuta nasa maƙaloli 10 a kan ido da cututtukansa, ya kuma horar da ɗansa Is'haƙa, wanda ya fassara littattafan Aristo, masanin falsafar nan Bagirke.