Garin ɓawon lemon tsami, da gaske yana rage tumbi?

Maman Hibba:
Salam 'yan uwa, dan Allah tambaya gare ni. Ina saida zoɓo da kunun aya, kullum sai na matse lemon tsami ya kai ashirin, ɓawon kuma sai bola. Shine jiya ƙanwar maigidana ta tarar zan zubar take cewa wai asara nake, in an shanya an daka ana sha a ruwan zafi yana narka tumbi har da gyaran fata. To da gaske ne? Kuma ya ake yinsa kar yayi ɗaci?

Anti Balki:
Wa alaikumussalam Maman Hibba. Ni na daɗe ina yi amma dan ƙamshi nake yi gaskiya. Kar ki bari sai kin matse, tun yana ɗanyensa zaki wanke shi tas ki goge koren bayan da magogi, da kin fara hango farin nan na ciki ki tsaya dan shine mai ɗacin. Ki baza a faranti a inuwa inda iska ke kaɗawa, lokacin hunturu kwana uku ma ya bushe ƙarau, amma da damina wlh na taɓa yi na sa a kwalba ashe bai gama bushewa ba, bayan sati na buɗe duk yayi funfuna sai zubarwa nayi. In ya bushe ki daka ki tankaɗe da rariya. Rabin ƙaramin cokali a shayi da citta da kanumfari, ko a kwaɓin kek, ke ko a zoɓon naki ma zaki ji yadda kwastomomi zasu dinga tambaya.

Yaya Nas:
Bari in ɗan sa baki. Amfani kam akwai. Ɗanyen ɓawon babban lemon nan mai ruwan ɗorawa, giram 100 yana da bitamin C kusan miligiram 129, ya fi na ruwansa yawa ma, kuma babban mutum 75 zuwa 90 yake buƙata a rana. To amma wa zai zauna ya ci giram 100? Ƙaramin cokali na garin bai wuce giram 2 ba, kuma shanya da tafasa suna kashe bitamin ɗin sosai. Abin da ya fi saura shine harza da ake kira pektin mai taimakawa bayan gida ya sauka da sauƙi, sai ɗan kalsiyam, sai man limonin wanda shine ƙamshin da kike ji in kin murza ɓawon a hannu. Maganar narka tumbi kuwa babu ita, in kinga wata ta rame to shayin madara da suga ta bari ta koma wannan. Masu olsa ku yi a hankali, wasu yana tayar musu da ƙwannafi. Masu cewa yana maganin ciwon daji ko hawan jini dan Allah kar wanda ya ajiye maganin asibiti saboda su. Sannan irin na kanti mai sheƙi da ake shigowa da shi ana shafa masa kaki da maganin funfuna, sai an dirje shi da ruwan ɗumi.

Ummu Sadik:
Ni dai shafawa a fuska nake jiye miki. Na kwaɓa garin da ruwan lemon tsami na shafa, na ɗan ɗauraye sama-sama na fita biki cikin rana, kwana biyu kumatuna suka yi jawur kamar ƙunar ruwan zafi daga baya suka yi baƙi, sai da nayi wata kusan uku ina fama da hoda. A asibiti aka ce min akwai sinadari a lemon tsami da in ya haɗu da rana yake ƙona fata.

Maman Hibba:
Subhanallahi, sannu Ummu Sadik. Na gode muku, na fasa na fuskar, zoɓon zan gwada. Anti Balki ɓawon lemon zaƙi fa, shima haka ake masa?