Neman kalmar Hausa: regileta da ƙarfen da ake ɗaura mata

Malamin Sana'a: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan koyar da matasan ƙauyenmu a ƙasar Ringim, masu cajin waya da sola, yadda ake rage wutar batir daga bolt 12 zuwa bolt 5, kuma ina son darasin ya kasance da Hausa. Wane suna za mu ba 'yar na'urar nan mai ƙafa uku, 7805, da ƙarfen alminiyon da ake ɗaura mata saboda zafi?

Mai Gyaran Rediyo: Wa alaikumus salam, Malam. A ce madaidaiciyar wuta, ƙarfen kuma mashayin zafi.

Dattijon Gumel: Ɗana, madaidaici a Hausa matsakaici ne, ba mai daidaitawa ba. Ni linzamin wuta nake cewa, domin aikinta shi ne hana wuta yin sukuwa.

Mai Gyaran Rediyo: Baba, sunan yana da daɗi, amma zai ɓoye wa yaran abin da ya fi muhimmanci. Ita 7805 ba riƙe rarar wutar take yi ba, mayar da ita zafi take yi. Idan ta karɓi bolt 12 ta bayar da 5, aka ja rabin amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke gudana), to rarar bolt 7 ɗin nan sun zama wat 3.5 na zafi a jikinta, kuma idan babu ƙarfen, musamman a bazara da zafi ke haura digiri 40, za ta katse kanta. Irin su LM2596 kuwa, wata na'urar rage wuta ta daban, kunnawa da kashewa suke yi sau 150,000 a daƙiƙa, shi ya sa asararsu kaɗan ce. Suna ɗaya ba zai ishe su ba.

Ɗan Kasuwa: Duk wanda ya je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya nemi linzamin wuta, hannu rabbana zai dawo. Regileta kowa ke cewa.

Dattijon Gumel: Ashe 'yan kasuwar birni ne za su yanke mana harshe? Waɗanda suka ce jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa ba su jira izinin mai shago ba, kuma Hausar ƙauye ba ta gaza ta Kano ba.

Ɗan Kasuwa: Allah ya huci zuciyarka, Baba, amma yau kwamfuta ake cewa.

Malamin Sana'a: Na gode, iyayena da 'yan'uwa. Zan rubuta mai daidaita wuta, in raba ta biyu, mai ƙona rara da mai kunna-kashe, sannan in ambaci regileta domin ranar sayayya. Mashayin zafi ya zauna, tunda babu wanda ya soke shi.

Dattijon Gumel: Na bar muku naku, amma mashayi ma bai kwanta mini ba, domin ƙarfen ba shanye zafin yake yi ba, miƙa wa iska yake yi. Ku koyar da shi haka ranar Asabar, mu dawo kansa daga baya.