Neman shawara: ina son sanya sabon madabod a cikin tsohon kes na Power Mac G5

Auwalu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai tsohuwar kwamfutar Apple, Power Mac G5, da na karɓo a wani shagon tace bidiyo da aka tashe shi, ana shirin auna wa 'yan gwangwan ita a kan kilo. Ba ta kawo wuta ko kaɗan, amma kes ɗin lafiyarsa ƙalau, alminiyam ne mai kauri, ko lotsewa bai yi ba. Ni kuma na riga na tara kayan haɗa kwamfuta: madabod (babban allon da komai ke hawa kansa) B450 ƙarami, wato mATX, firosesa Ryzen 5 5600, girafik kad GTX 1660 Super da fawa fak na ATX. Kes kawai ya rage, sai zuciyata ta kwanta da wannan.

Matsalar ita ce da na gwada ɗora madabod ɗin, ramukan sukuru ba su dace da ƙafafun da ke ciki ba ko guda ɗaya, bayan kes ɗin kuma ƙananan ramuka ne na Apple, babu tagar da bayan madabod zai leƙo. Wani ya ce in kai wa mai walda ya yanke bayan da giranda. Kafin in yi abin da ba ya gyaruwa na ce bari in tambayi manya. Daga ina ake farawa? Fawa fak ɗin a ina zai zauna? Maɓallin kunnawa na gaba zai yi aiki? Allah ya saka da alheri.

Nazifi:
Wa alaikumus salam Malam Auwalu. Ni shawarata ka huta da wannan wahala. Ka shiga kasuwar titin Beirut a Kano ka sayi kes na yau da kullum, cikin awa ɗaya ka ɗaure kayanka ka kama aikinka. Kuɗin gam da faifan yanka da sukurori da zirga-zirga, in ka haɗa, za su iya kamo kuɗin sabon kes. Kuma G5 nauyi gare ta, da kayanta tana kai kilo 18 ko fiye.

Injiniya Bala:
Nazifi, maganarka gaskiya ce ga mai sauri. Amma mutumin bai ce sauri yake ba, kuma irin wannan alminiyam ɗin ba za ka same shi a kes mai araha ba. Auwalu ƙanina, abu ne mai yiwuwa, mutane da yawa a duniya sun yi shi. Sai dai ka ajiye batun giranda tukuna.

Ka fara fahimtar dalilin rashin dacewar. Tsarin ATX kamfanin Intel ne ya fito da shi a 1995, shi ya tsayar da girman madabod, wurin kowane ramin sukuru da girman tagar baya. Cikakken ATX milimita 305 ne da 244, mATX irin naka 244 da 244, tagar baya kuma kusan 159 da 44. Apple bai bi wannan tsari ba a G5, wadda ya fitar a 2003 ya daina a 2006. Allonsa nasa ne, wutarsa tasa ce. Amma akwai abu ɗaya da ya zo daidai, shi ne kuma sa'arka: gurabun kad guda huɗu da ke bayan kes ɗin. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce ta kowace kwamfuta, milimita 20.32, kuma mATX ma gurabu huɗu aka yi masa. To daga nan ake farawa, ba daga ramukan sukuru ba. Inda kad ya zauna daidai a gurbinsa, nan madabod zai zauna, komai kuma sai ya biyo baya.

Ga yadda ake yi. Ka nemi mataccen madabod na mATX da mataccen kad wajen masu gyara, ba sa tsada. Kada ka yi gwaji da sabonka. Ƙafafun da ke manne a bangon kes ɗin, ka kama kowace da filaya ka girgiza a hankali, za su ɓalle ba tare da sun huda bango ba. Ka adana su tare da sukurorinsu na asali, domin su ne tsawonsu ya dace da gurabun. Ka ɗaure su a ƙarƙashin mataccen madabod ɗin, ka cusa kad ɗin a jikinsa, ka shigar da duka ciki, ka ɗaure ƙarfen kad ɗin a gurbin baya. Yanzu kowace ƙafa ta nuna maka wurinta. Ka yi alama da fensir, ka fitar, ka goge wuraren da sanfefa har sai ƙarfen ya yi haske, domin fuskar alminiyam ɗin tana da rufi mai santsi wanda gam ba ya kama shi sosai. Ka share da sifirit, ka shafa gam mai haɗi biyu, ka mayar da komai, ka kwantar da kes ɗin, ka ɗora ɗan nauyi, ka bar shi kwana ɗaya cur. Gam mai bushewa a hankali za ka nema, irin JB Weld na asali ko Araldite mai jinkiri. Mai kamawa cikin minti biyar ba ya jure zafi kamar su.

Kada ka yi mamaki in ka ga madabod ɗin ya zauna a kife, kad a sama, firosesa a ƙasa. Ƙofar G5 ta ɓangaren dama take buɗewa, haka tsarin yake, kuma ba ya hana komai aiki.

Hauwa'u:
Injiniya, Allah ya ƙara basira, amma ni gam ɗin nan bai kwanta min ba. Watan Afrilu a Kano zafi kan wuce digiri 40 a waje, balle cikin kes mai aikin tace bidiyo. Ga nauyin kad da na fankar firosesa duk a rataye a kan ƙafafun da aka liƙa. Ranar da biyu suka saki, allon zai karkace.

Hanyar da na fi yarda da ita: Malam Auwalu ya sami tsohon kes na mATX wanda ya lalace, ya huje ribitocinsa da diril, ya ciro farantin da madabod ke zama a kai haɗe da bayansa. Wannan farantin ya riga ya zo da ramuka a wurinsu, da taga, da gurabu, duk masana'anta ta auna. Sai a yanke bayan G5 daidai girmansa a ɗaure shi. Babu lissafin milimita, babu fargaba.

Injiniya Bala:
Malama Hauwa'u, hanyarki ta fi sauƙin awo, ban musa ba. Amma ki duba abin da za a rasa. Za a yanke kusan duk bayan kes ɗin, a sa baƙin ƙarfe ko mai ruwan toka a jikin alminiyam, kuma shi kansa farantin sai an ɗaure shi da wani abu. Ko dai a huda bangon waje kawunan sukuru su fito fili, ko a koma ga gam ɗin da ake gudu. In an goge ƙarfen da kyau, ƙafa takwas da gam mai kyau suna ɗaukar mATX. Kad ɗin ma ba a kansu kaɗai yake ba, ƙarfensa yana ɗaure a baya.

Hauwa'u:
To ai akwai tsaka-tsaki. A yanko farantin alminiyam wajen masu haɗa tagogi, a huda shi da awon mATX, a ɗaure shi a kan wasu daga cikin ƙafafun asali da ba a ɓalle ba, sannan sababbin ƙafafu su hau kansa. Nauyin yana kan abin da Apple ya kafa, bango bai huje ba. Illa dai dole a lissafa kaurin farantin da tsawon sababbin ƙafafun, in ba haka ba allon zai yi tudu, kad ya ƙi shiga gurbinsa. Wanda ke da haƙurin awo, wannan ta fi ɗorewa.

Auwalu:
Na gode ƙwarai, kun buɗe min ido. Yanzu na ƙarasa kwance kayan ciki. Na ga wani abu: a kan firosesocin akwai wani ƙarfe kamar lagireton mota da 'yan bututu, ƙarƙashinsa kuma wani farin gari ya daskare, har ya gangara kan murfin fawa fak ɗin da ke shimfiɗe a ƙasa. Mene ne wannan? Kuma ina tunanin in kwance sabon fawa fak ɗina in sa kayan cikinsa a gidan tsohon, tunda na ga ana yi, soket ɗin baya ma ya zauna a wurinsa.

Malam Isufu Damagaram:
Ɗan'uwa, dakata nan. Taka tana cikin masu sanyaya firosesa da ruwa. Apple ya fara sa wannan a samfurin 2.5 GHz mai firosesa biyu a 2004, kuma an san su da yoyo idan suka tsufa. Ruwan yana zubowa kan allo da fawa fak ya ci su, wataƙila ma abin da ya kashe ta ke nan. Ka sa safar hannu ta roba, kada garin ya taɓa idonka, ka nisanta shi da yara. Ka wanke wurin, ka busar, ka duba ko ya ci ƙasan kes ɗin. Tsohon fawa fak ɗin kuwa kada ka jona shi da wuta ko don gwaji. Ko da lafiyarsa ƙalau ba zai yi maka ba, jerin wayoyinsa ba na ATX ba ne.

Batun kwance sabon kuma, don Allah ka bari. Babban kafasitan da ke ciki yana riƙe volt 300 zuwa 400, kuma ba lallai ya sauke da zarar an zare waya ba. Masu yin haka sun san yadda ake sauke shi, sun san tazarar da ake bari tsakanin allo da ƙarfe. Kuskure kaɗan, jikin kes ɗin gaba ɗaya ya ɗauki wuta, shi kuwa ƙarfe ne daga sama har ƙasa. Ga garanti ya tafi. Ka bar shi a rufe yadda ya zo. Girman fawa fak na ATX a milimita: faɗi 150, tsayi 86, zurfi daga 140. Ka fitar da kayan tsohon, ka auna ƙasa ta gaba inda madabod bai kai ba, ka zaunar da shi nan da maɗaurin kusurwa, ka ja gajeriyar waya mai kauri daga soket ɗin baya zuwa gare shi. In ya ƙi zama, akwai ƙarami da ake kira SFX, 125 da 63.5 da 100. Ka dai tabbata fankarsa tana samun iska, ba ta manne da bango ba.

Injiniya Bala:
Na goyi bayan Malam Isufu ɗari bisa ɗari.

Saura yankan taga. Sai gam ya bushe ko faranti ya zauna, sannan ka auna ta daga mataccen madabod ɗin, ba daga takarda ba. Ka lulluɓe bayan da tef na takarda, ka zana a kai. Za ka ga tagar na neman cin gefen gurbin fankokin baya guda biyu, to ka yanke shawara tun kafin yanka: ko ka matsar da su, ko ka koma ƙananan fankoki. Ka yanka ta cikin layi, ka ƙarasa da magagari a hankali kana gwada marfin tagar. Abin da ka rage kana iya ƙara ci, abin da ka zarce ba ya dawowa. Babbar giranda ba ta dace ba, faifan ƙarfe yana toshewa da alminiyam ya fizge. Ƙaramin inji irin Dremel ko zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora ya fi. Waldar bakin titi kuwa ƙona shi za ta yi, alminiyam sai waldar agon, ita ma tana ɓata launin. Ka sa tabarau, kuma bayan ka gama ka wanke kes ɗin tas. Ɗan burbushin ƙarfe ɗaya a bayan madabod ya isa ya kashe shi.

Sadiya:
Yaya Auwalu, ba a amsa maka batun maɓalli ba. Zai yi aiki, domin maɓalli ne mai haɗa waya biyu na ɗan lokaci kamar na kowace kwamfuta. Ka sa mitar gwajin wuta a wurin da take ƙara idan waya biyu sun haɗu, ka riƙa taɓa wayoyinsa biyu-biyu kana dannawa. Biyun da suka yi ƙara lokacin da ka danna kaɗai, su za ka kai fil ɗin PWR_SW, wato na maɓallin kunnawa a jikin madabod, ba ruwansu da wacce ta hau dama ko hagu. 'Yar fitilar ce ke da kai da gindi, in ba ta kama ba ka juya ta. USB na gaba tsohon 2.0 ne, waya huɗu, shi ma da mita za ka bi kowace har bakin ramin, kada ka dogara da zanen da ka gani a intanet, domin samfurin ƙarshen 2005 ya bambanta da na farko. Ramin FireWire kuwa, wato wani tsohon ramin jona na'urori mai aiki irin na USB, ka bar shi a mace. Wutarsa ta fi volt 5 na USB nesa ba kusa ba, kuma B450 ba shi da wurinsa, saboda haka kada wayarsa ko ɗaya ta kusanci fil ɗin USB.

Sai ƙura. Gaban G5 duk ramuka ne, in hunturu ya shigo zai sha ta sosai. Ka sa siririyar raga ta ciki wadda za ka iya cirewa ka wanke, sannan fankokin da ke shigo da iska ta gaba su fi masu fitarwa ƙarfi, don ƙura ta daina kutsowa ta kowace kafa. Fankokin Apple na asali ka ajiye su, wayarsu ba irin ta madabod ɗinka ba ce. Sababbi masu fil huɗu sun fi shiru.

Auwalu:
Allah ya biya ku. Na tsaya a kan farantin Malama Hauwa'u, zan auna shi da dabarar kad ta Injiniya, fawa fak kuma zai zauna a rufe. Tambaya ta ƙarshe: gidanmu wani lokaci in ka taɓa jikin kwamfuta yana ɗan ja. Da wannan kes ɗin yaya ke nan?

Malam Isufu Damagaram:
Wannan alama ce soket ɗinku ba shi da wayar at, wato mai kai wuta ƙasa, ko kuma ta katse a hanya. Ka kira mai wayarin ya gyara kafin ka kunna komai, kuma filoginka ya zama mai ƙafa uku na gaske. A cikin kes ɗin ka ja waya ɗaya daga sukurun jikin fawa fak zuwa jikin alminiyam, a wurin da ka kankare rufin har ƙarfe ya fito, domin rufin nan ba ya wuce da wuta. Ka gwada da mita tsakanin ƙafar at ta filogi da wurin da ka kankare, ta yi ƙara. Kafin ka ɗaure sabon madabod kuma ka fara tayar da shi a kan kwalinsa da kad ɗin a jiki, tunda 5600 ba ya fitar da hoto da kansa. In ya kawo hoto a waje ya ƙi a ciki, ka duba ko akwai ƙafar da ta taɓa bayan allon a wurin da babu rami.