Wai ajamin Yahudawa?

Ɗan Kurmi: Wallahi abin nan na ci min rai. Yahudawan da suka gudo daga Rasha da Poland suka sauka New York yawanci talakawa ne masu ɗinki a masana'anta, amma a 1897 suka kafa jaridar kullum da ajaminsu, Forverts, mu kuwa sai 1939 aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma yau ina take? Na san dai ba mai tanka min.

Malamar Tarihi: Ajami kuma? Yiddish fa, yaren da suke buga jaridar da shi, da baƙaƙen Ibrananci ake rubuta shi.

Ɗan Kurmi: To ai shi ne Malama. Yaren dangin Jamusanci ne, suka ari baƙaƙen littafin addininsu suna rubutawa daga dama zuwa hagu. Meye ajami in ba wannan ba?

Gardi: A'a ɗan'uwa kar ka haɗa mana. Ajami na baƙaƙen Larabci ne, ko kai ka raɗa masa suna?

Ɗan Kurmi: Ina ka karanta haka?

Gardi: A allo na karanta.

Malamar Tarihi: Ku bar wannan. Abin da ya riƙe jaridar Forverts shi ne editanta Abraham Cahan ya buɗe filin wasiƙu a 1906, Bintel Brief, mace ta rubuto mijinta ya gudu ya bar ta da yara, yaro ya rubuto ubangidansa ya zabtare masa albashi, a ba su shawara. Har hotunan mazan da suka tsere suke bugawa. Kuma marubuta sun yi ta zaginsa wai yana cusa Turanci a cikin Yiddish.

Gardi: Ashe Ingausa ce ma, ba ajamin ba 😂

Bazazzagiya: Ni tsaya, wa ya ce "ina take"? Gaskiya a Zariya aka haife ta, Abubakar Imam ya riƙe ta, ku Kanawa me kuka buga a lokacin?

Ɗan Kurmi: Yaya ni ban ambaci Zariya ba fa.

Bazazzagiya: Ka ambata a zuciyarka.

Admin: To an rufe. Abin da aka tsayar, ajami namu ne, kuma Zariya ce ta fara jaridar da kowa ya sani. Ɗan Kurmi ka goge maganarka ta farko. Ni ma a Tudun Wada na yi firamare.