Sunayen ɗalibai masu ƙ da ɗ suna lalacewa a databes, don Allah a taimaka

ɗan_Farin_Gada:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu harkar databes ku duba min wannan. Na haɗa wa wata makaranta mai zaman kanta nan Jos manhajar duba sakamako da PHP da MySQL, komai na tafiya lafiya har aka zo buga katin sakamako na zangon nan. A shafin makarantar suna yana fitowa daidai, Ɗahiru Ɗahiru ne, amma in na shiga phpMyAdmin, manhajar da ake duba databes ɗin kai tsaye da ita, sai in ga ÆŠahiru, duk inda ƙ take sai Æ™, alamar ₦ ta kuɗin makaranta kuma ta zama â‚¦. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne 'yan aji ɗaya da na loda sunayensu daga fayil ɗin CSV ta phpMyAdmin, su kuma alamar tambaya ce kawai ?ahiru, har a shafin ma haka. Tebur ɗaya ne fa, ya aka yi ciwo biyu? Hedimasta yana jiran katin ranar Litinin.

Abu_Bukuru:

Wa alaikumus salam. Malam ka cire ƙugiyar kawai ka rubuta Dahiru a wuce wajen, kowa zai gane, yawancin takardun da muke riƙe da su ma haka aka rubuta.

Malama_ICT:

A'a Malam Abu ban yarda ba, sunan yaro ne za a buga a kati iyayensa su ajiye, a rubuta shi yadda yake. Kuma ko ya cire ƙugiya ya zai yi da ₦, ita ma ai ta lalace.

Ɗan'uwa matsalarka ba ta teburin kaɗai ba ce, tsakanin sabar da masu yi mata magana take. Duk manhajar da ta haɗu da MySQL akwai enkodin (wato tsarin mayar da haruffa zuwa baiti) da aka ɗauka da shi take magana, sabar kuma tana juya rubutu daga wannan zuwa na kolum ɗin in ana ajiyewa, ta sake juyawa in ana karantawa. PHP ɗinka da phpMyAdmin baƙi biyu ne daban a wajenta.

Ga abin da nake zargi. Kolum ɗinka latin1 ne, domin shi ne na asali a MySQL har 5.7, sai da 8.0 ta fito a 2018 aka koma utf8mb4, wato cikakken UTF-8 a MySQL, kuma har yanzu akwai masu hostin da ke kan tsohon tsari. latin1 baiti ɗaya ne kowane harafi, babu ƙ ɗ ɓ a cikinsa sam. A UTF-8 kuwa ƙ baiti biyu ce, C6 da 99. Shafinka ya aika waɗannan biyun bai gaya wa sabar cewa UTF-8 ba ne, ita kuma ta ɗauka latin1 ne haruffa biyu, C6 shi ne Æ, 99 shi ne ™, ta ajiye su yadda suka zo ba ta taɓa ba. In shafin ya nema sai ta mayar masa da su haka, burauza ta haɗa su ƙ ta fito, shi ya sa kake ganin kamar lafiya. phpMyAdmin shi yana faɗin gaskiya cewa utf8mb4 yake so, sai sabar ta juya masa Æ daban ™ daban.

Masu alamar tambayar kuma akasin haka ne, phpMyAdmin ya kawo Ɗ ta gaskiya, sabar ta gane ta sarai, ta nemi inda za ta sa ta a latin1 ta rasa sai ta sa ? a madadinta. Da strict mode, saitin MySQL mai tsaurara bincike, a kunne yake da ta ƙi karɓa ta ce Incorrect string value, wanda wallahi ya fi alheri.

Kafin ka taɓa komai ka gudanar da SHOW CREATE TABLE a teburin, sannan SELECT suna, HEX(suna) ka turo mana.

ɗan_Farin_Gada:

Allah ya saka da alheri Malama. Haka ne, CHARSET=latin1 ya nuna. Na farkon HEX ɗinsa ya fara da C68A, masu alamar tambaya kuma 3F. Na ga wani umarni a intanet, CONVERT TO CHARACTER SET utf8mb4, in buga shi?

Malama_ICT:

Kar ka buga tukuna don Allah! In ka yi haka sabar za ta ɗauki Æ da ™ da muhimmanci ta juya kowanne zuwa UTF-8, C699 ya koma C386E284A2, ɓarnar ta zauna daram, gyaranta ya ƙara tsawo. Baitin da ke ciki yanzu daidai suke, lakabin ne kawai ba daidai ba. Ka fara ɗaukar bakap, ka gwada a kwafi ba a na makaranta ba. Sai ka mayar da kolum ɗin VARBINARY da ALTER TABLE ... MODIFY, wannan zai cire lakabin ba tare da an taɓa baiti ba, daga nan ka mayar da shi VARCHAR CHARACTER SET utf8mb4. Haka za ka bi duk kolum mai rubutu, har na adireshi da na bayanin malami.

A lokaci guda kuma ka gyara kod ɗin, in mysqli ne ka sa set_charset('utf8mb4') da zarar an haɗu, in PDO ne charset=utf8mb4 a cikin DSN, wato layin bayanan haɗawa da databes. In ka gyara tebur ka bar kod, shafin ne zai fara nuna ??? ka zaci abin ya ƙara lalacewa. Kuma utf8mb4 na ce ba utf8 ba, utf8 na MySQL baiti uku yake tsayawa, zai ɗauki ƙ da ₦ amma ranar da malami ya sa emoji a sharhi zai ƙi.

Masu 3F kam sai haƙuri, harafin ya tafi tun ranar lodi, ba umarnin da zai dawo da shi. Ka sake loda CSV ɗin bayan gyara in yana nan.

injiniya_Kubwa:

Malama ta gama magana. Ni a Abuja PostgreSQL muke amfani da shi a ofis, can ma labarin ɗaya ne, server_encoding da client_encoding, sai dai shi ba ya sa alamar tambaya a ɓoye, tsayawa yake ya ce harafin has no equivalent in encoding WIN1252, mun fi ganin haka a psql na Windows, SET client_encoding TO 'UTF8' ke warwarewa. Wanda nake jan kunnen mutane a kai shi ne databes da aka ƙirƙira da SQL_ASCII, ba ya juya komai ba ya duba komai, duk abin da aka zuba zai haɗiye.

Ɗan Farin Gada ka buɗe CSV ɗin nan a Notepad kafin ka sake lodawa. In a Excel aka yi sebin da CSV na gama-gari to mai yiwuwa tun can Ɗ ta zama ?, sai an zaɓi CSV UTF-8 take tsira.

ɗan_Farin_Gada:

Alhamdulillah na gwada a kwafi sunaye sun dawo, ₦ ma ta dawo. Oga injiniya na buɗe fayil ɗin, Ɗ tana nan lafiya a ciki, gobe in an kawo wuta zan sake loda 'yan ajin in yi na makarantar. Na gode ƙwarai.