Tandar Kaka: Baitocin Cikar Shekara

Babban Jika, daga Abuja

Assalamu alaikum 'yan gida. Jibi Juma'a Kaka ke cika shekara da rasuwa. Daren jiya barci ya ƙi zuwa, sai na ɗauki biro. Ga harsashi na aza, mai iyawa ya ɗora.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai rayawa, Shi ne mai kashewa.

Salati ga Annabi ɗan Amina,
Da alaye, sahabbai masu shiryarwa.

Shekara guda ke nan babu Kaka,
Gidanmu na Gangare sai kewa.

Ina Abuja, zafi na dukana,
Amma sanyin Jos nake tunawa.

Asuba, hazo ya rufe Dilimi,
Ita ko ta riga ladan farkawa.

Ta hura wuta, ta ɗora tanda,
Ƙullu ya kwana yana tasowa.

Masar farko ba ta kuɗi ba ce,
Almajirin zaure take bai wa.

Da kuɗin masa na yi makaranta,
Kwabo kan kwabo take tarawa.

Takan ce, "Maigida, ba ka cefane,
To kawo katinka in yi dubawa."

Ba ta san boko ba, ko harafi,
Amma jan biro tana ganewa.

In ta ga ja a cikin katina,
Ranar masa sai dai hangowa.

Mai haƙuri ce, mai sanyin hali,
Ban taɓa jin ta tana yin tsawa.

Kishiyar Kaka, daga Unguwar Rogo

Amin, Yaya, Allah ya jiƙanta. Amma baitin ƙarshen nan ban sa hannu ba. Kai miji ne, lallaɓa ka ake yi. Riƙe amsa-amonka, ni da nawa na zo.

Yaya, waƙarka ta yi, ban da baiti guda,
Mai sanyin hali? Anya kuwa kakata?

Kai maigida ne, ana ɓoye maka ƙanzo,
Ni kishiya ce, ni na sha bakinta.

Ƙarfe huɗu take yaye mini bargo,
Tsakiyar hunturu, wai in zo in taya ta.

In na ce sanyi, ta ce, "Ji raguwa,
Kwanon kuza na ɗauka a ka da ƙuruciyata."

Ta ba ni cokali ta ce in juya,
Duk wadda ta ƙone ni zan ci, hukuncinta.

Na ci ƙonanna har na daina ƙonawa,
Ban san ranar da hannuna ya koma nata.

Yau ni ke suya a bakin titin Bauchi,
Tsofaffin direbobi na cewa, "Wannan irin tata."

Ranar kai ni ɗaki ta shige ta kulle ƙofa,
Wai ta huta, kishiya ta bar mata gidanta.

Na leƙa ta taga, ga ta a bakin gado,
Tana share ido da gefen mayafinta.

Baffa, daga Bukuru

Ku yara tsohuwa kuka tarar. Ni na san Inna tun tana ɗaukar buhu ita kaɗai. Ban taɓa waƙa ba, kada wanda ya yi mini dariya.

Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana,
Har na yi furfura ina "wancan", don kunya.

Ubanta aka ɗebo aikin tilas na kuza,
A 1942, ana tsakar yaƙin duniya.

Suka biyo bayansa, ita da mahaifiyarta,
A ƙaramin jirgin ƙasa mai tasowa daga Zariya.

Barikin Ladi, Bukuru, sannan Gangare,
Ramukan da suka haƙa yau tafkuna ne, sun fi rijiya.

Ta iya Berom, ta yi ƙawa da mai sayar da acca,
Shekara talatin suna ba juna ajiya.

Juma'a, 7 ga Satumba, 2001, gari ya kama,
Ƙawar na gidanmu, ta kawo acca a ƙwarya.

Inna ta yafa mata mayafi, ta sa ta gaban murhu,
Ta ce wa masu leƙe, "Ƙanwata ce, ba ta da lafiya."

Kwana huɗu a ɗaki ɗaya, suna ci a kwano ɗaya,
Sai da ƙura ta lafa muka raka ta bakin hanya.

Da Kasuwar Terminus ta ƙone a 2002,
Jarin ƙawar ya tafi, har kwando da tsintsiya.

Inna ta kwashi adashinta, ta ƙulle a tsumma,
Ni na kai. An ce in yi shiru, na yi, har jiya.

Ranar jana'iza tsohuwar ta zo da sanda,
Ta zauna cikin mata tana kuka, tana kiran "Yaya".

Babban Jika

Baffa, wallahi zancen adashin nan yau na fara ji. A shekarar ne fa aka ce mini babu kuɗin sabon takalmi, na yi ta fushi har Sallah.

Na janye baitina na mai sanyin hali,
Garwashi ce, toka ta yi wa rufawa.

Kishiyar Kaka

Madalla da ka gane. To tunda tone-tone ake yi, ina tandar Kaka? Ta ƙasar nan mai gurbi bakwai nake nufi, ba ta ƙarfen da aka sayo daga baya ba. Ranar sadakar arba'in na birkice ɗakin girki ban gan ta ba.

Kwalla da samira kowa ya ɗauki rabonsa,
Ni tanda nake so, ni na gaji sana'arta.

Babban Jika

A'a, tsaya tukuna. A ina aka taɓa jin kishiya ta ci gado?

Ni ne miji, rubu'i nawa ne a shari'a,
Ku tambayi malam in kuna musantawa.

Baffa

Kai ma dai. Gurbi bakwai ne, raba shi huɗu mu gani, ɗan boko.

Auta, daga Gangare

Baffa, Gwaggo, Yaya, ku yi haƙuri. Na yi shiru ne don ban san ta inda zan fara ba.

Ku kun sami ƙarfinta, ni na sami ƙarshenta,
Ni ce mai kwana a ɗakin Kaka.

Ta manta sunana, tana kira na da na Gwaggo,
Amma Gizo da Ƙoƙi tana riƙe da su duka.

"Ga ta nan, ga ta nanku." In ce, "Ta zo mu ji ta."
Kafin ƙurunƙus barci ya zo ya ɗauka.

Carbi a hagu, dama tana motsi kan bargo,
Tana juya masar da babu, haka, haka.

Tandar na wurina, a ƙarƙashin gado,
Naɗe da zaninta, na ɓoye ne ina kuka.

Gefe guda ya tsage, gurbi shida ke aiki,
Na bakwai ya yi baƙi, maiƙo ya zama toka.

Ita ta miƙo mini, wata guda kafin ta cika,
Ta ce, "Kar ta kwana da sanyi ranar sadaka."

Ni ko ban iya ba, sau biyu ina gwadawa,
Ƙullun ya ƙi tashi, na zubar, ban gaya maka.

Gwaggo, daga Nasarawa

Auta, share hawayenki, ba ki yi laifi ba. Ƙullunki sanyi ne ya hana shi tashi. A Jos kusa da murhu ake kwantar da shi, a rufe da bargo kamar jariri. Ni ce babba a mata, ga hukuncina, kuma ba ɗaukaka ƙara.

Tanda ba ta fita, a Gangare za ta zauna,
Inda aka san hayaƙinta tun muna yara.

Kishiya, ke ce da suya, ki zo tun Alhamis,
A jiƙa shinkafar tuwo, a kai niƙa, a gyara.

Auta, Farin Gada za ki, kabewa da alayyafo,
Miyar taushe ba ta son a yi mata gadara.

Yaya, ka biya ka ɗauko ƙawar Inna,
A sa mata kujera inda rana ke fara.

Maigida, shekara arba'in ana bin ka cefane,
Yau ranar biya ce, ba sauran wata dabara.

Masar farko ta almajirin zaure ce,
Ta biyu ta baƙuwarmu, sannan a ba saura.

Babban Jika

Na ji, na karɓa, Gwaggo. Gobe da sassafe zan kamo hanya ta Akwanga, in Allah ya yarda kafin azahar na haye Hawan Kibo. Mudu nawa na shinkafa? Man gyaɗa da yis kuma a nan zan saya ko a can?

Gwaggo

Mudu goma. Man ka bari, na Jos ya fi. Ka dai taho da rigar sanyi, ka zama ɗan Abuja.

Kishiyar Kaka

Auta, ki wanke hannu ki jira ni. Cokalin a hannunki zai kasance, ni zan tsaya a kanki. Wadda ta ƙone kuma kin san mai ci.